Layin da Kika Gani a Bulot, PPAR-gama Ne Kuwa?

Wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin bayokemistiri ta aiko da tambaya a kan Westan bulot, wato gwajin da ake jera furotin bisa nauyinsu a cikin jel, a kwashe su zuwa wata leda da ake kira mambiren, a sa antibodi (furotin mai kama wani furotin takamaimai) ya nuna wanda ake nema a matsayin layi. PPAR-gama, furotin da ke sa jiki tara kitse, shi take nema, nauyin furotin kuma da kilodaltan ake auna shi. Ga tambayar a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam. Ina ciyar da ɓerayen Wistar abinci mai maiƙo, wasunsu kuma ina ba su ruwan ganyen zogale da na tace. Na sayi antibodin gano PPAR-gama, irin wanda aka samar a jikin ƙaramin ɓera, na yi Westan bulot da hanta da kitsen ciki. A hanta layi mai kauri ya fito wajen kilodaltan 50 zuwa 55 a kowane samfuri, a kitse kuwa sai jirwaye da dishi-dishi. Layin waɗanda suka sha zogale ya ɗan fi duhu. In rubuta cewa zogale ya ƙara PPAR-gama? Ko wani antibodin zan saya, kuma wanne?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki rubuta tukuna, kuma kada ki taɓa kuɗinki. Akwai gwaji ɗaya da ba zai ci miki komai ba sai jel guda da ɗan ruwan haskawa, ina kuma kyautata zaton shi zai raba gardamar nan kafin jibi. Ki sake zuba samfuran hantar nan sau biyu a jel ɗaya, jeri na dama daidai da na hagu, ki kwashe su zuwa mambiren kamar kullum, sannan ki sa almakashi ki raba mambiren ɗin biyu. Rabi ki yi masa yadda kika saba. Ɗaya rabin kuwa kada ko ɗigon antibodin PPAR-gama ya taɓa shi; ya kwana cikin ruwan madara zalla, da safe ki zuba wa duka biyun antibodi na biyu, wato wanda ke kama na farko ya ba da haske, ki wanke su, ki haska su tare a lokaci guda. Idan layin nan mai kauri ya fito a rabin da bai taɓa ganin antibodi na farko ba, to abin da kike ta aunawa tun tuni ba PPAR-gama ba ne.

Ga dalilin da ya sa zuciyata ta tafi can. Hanta cike take da jini, jinin ɓera kuwa yana ɗauke da nasa antibodin, wanda ake kira IgG, da yawan gaske. Sa'adda kika tafasa samfuri da SDS da makaftoyitanol, sinadaran da ke warware furotin kafin a zuba a jel, IgG ɗin nan yana rabewa gida biyu: sarƙa mai nauyi da ke tsayawa wajen kilodaltan 50 ko sama kaɗan, da sarƙa marar nauyi wajen 25. Antibodinki na biyu, wanda galibi a jikin akuya ake yinsa, an horar da shi ne ya cafke duk IgG na ƙaramin ɓera. To ƙaramin ɓera da babban ɓera irin Wistar 'yan gida ɗaya ne, IgG ɗinsu ya yi kama ƙwarai. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma antibodin akuyar nan bai san wannan karin magana ba, duk wanda ya gani da fuskar ɓera kamawa yake yi. Ki ɗauko tsohon hotonki ma yanzu ki duba ƙasa wajen 25. In kin ga wani layi a nan yana kauri tare da na sama yana sirancewa tare da shi, magana ta kusa ƙarewa. Kuma in haka ne, duhun da kika gani a rukunin zogale ba ya nuna komai sai cewa jini ya fi saura a waɗancan hantocin ranar da aka yanka.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami ina ɗalibi. Na yi watanni ina lallashin wani layi kyakkyawa, baƙi wuluk, har na zana masa jadawali, kafin wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji ya leƙo ta kafaɗata ya ce layin ya cika kyau, in gwada shi ba tare da na farko ba. Ya fito tangaran, kamar ba abin da aka rage.

Abu na biyu da ya tsaya mini a rai shi ne sakamakonki ya zo a juye. Gidan PPAR-gama kitse ne. Shi furotin ne daga dangin makarɓan saƙo da ke zaune cikin cibiyar ƙwayar halitta, wato nukiliyas, inda DNA yake. Yana haɗa kai da wani abokinsa mai suna RXR, su zauna a kan wasu gurabe na DNA, idan wani nau'in maiƙo ko magani ya shiga aljihunsa sai ya kunna ƙwayoyin gadon da ke sa a tara kitse a adana. Isabelle Issemann da Stephen Green a Ingila suka gano na farko a dangin a 1990, wanda yanzu ake kira alfa. A 1992 ɗakin binciken Walter Wahli a Siwizalan ya nuna daga jikin kwaɗo cewa su uku ne: alfa, beta da gama. A 1994 kuma Peter Tontonoz da Bruce Spiegelman a Boston suka cusa PPAR-gama cikin ƙwayoyin halittar da ba ruwansu da kitse, sai ga su sun rikiɗe sun fara tara ɗigon mai. Tun daga nan aka san shi ne ke riƙe da linzamin samuwar ƙwayar kitse. Hanta lafiyayya kaɗan take da shi, can alfa ne mai faɗa a ji, aikinsa kuma ƙona kitse. Saboda haka antibodin da ya ba ki layi mai kauri a hanta ya bar kitse fayau, ko dai ba PPAR-gama yake gani ba, ko samfurin kitsenki ne bai haɗu ba. Mai yiwuwa duka biyun.

Sannan PPAR-gama ba guda ba ne. Ƙwayar gado ɗaya ce, tana kan kuromosom na 3 a jikin mutum, amma tana fitar da furotin iri biyu. Gama-2 yana da amino asid 505, ya fi gama-1 tsawo da guda 28 a goshinsa a mutum, 30 a ƙaramin ɓera. A bulot gama-2 kan tsaya wajen 57, gama-1 wajen 53 ko 54. Gama-2 kusan na kitse ne kaɗai, gama-1 kuwa ana samunsa a kitse, da babban hanji, da ƙwayoyin garkuwar jiki na makrofaj, da wasu wurare. Don haka a kitse mai kyau, da antibodin da ke gane su duka, abin da ake sa ran gani layi biyu ne siraru kusa da juna kamar tagwaye, ba dunƙule ɗaya mai kauri ba. In jel ɗinki gajere ne ko kin tsayar da shi da wuri, za su manne su zama ɗaya. Ki yi jel na kashi 10 cikin ɗari, ki bar shi ya yi tafiya sosai har makar 25, wato alamar nauyin kilodaltan 25, ta kusa gindi.

Wannan fili na tsakanin 50 da 57 kuwa kasuwa ce. PPAR-alfa mai amino asid 468 yana wajen 52. Beta, wanda ake kuma kira delta, mai 441, yana wajen 50. Sarƙar IgG tana nan. Furotin tubulin ma yana nan, shi ya sa ba na son a yi amfani da shi wajen daidaita lodi, wato tabbatar da an zuba kowane samfuri daidai wa daida, a wannan aiki. Makar nauyin da muke saya mai launi kuma ba ma'aunin zinariya ba ce, tana iya kauce wa gaskiya da kilodaltan biyu ko uku. Wanda ya ce miki layi ya fito "a inda ya dace" bai faɗa miki komai ba tukuna, don mutum biyar ne ke zaune a wannan layin.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce, ko kuma rashin kayan aiki ne ya jawo. Akwai wani ɗan'uwan PPAR a dangin nan, makarɓin sinadarin istirojin na biyu, ER-beta, wanda aka gano a Cibiyar Karolinska ta Suwidin a 1996. Shekaru ashirin ana wallafa bincike a kansa, musamman a kansar mama. A 2017 wasu masu bincike a Suwidin suka ɗauki antibodi 13 da ake amfani da su wajen gano shi suka gwada su da kyau, ɗaya tak ya ci jarrabawa. Da aka duba naman mama da wannan ɗayan, ba a ga furotin ɗin ba. Manyan ɗakunan bincike ne masu kuɗi da injuna suka yi ta auna abin da ba shi ba. Makarɓan cikin cibiya suna da wuyar sha'ani ne saboda kaɗan ne a cikin ƙwayar halitta, kuma sashen da suke kama DNA da shi kusan iri ɗaya ne a duk dangin. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Antibodi ma sai ya nuna hali a hannunki, ba a takardar kamfani ba.

Yadda ake gwada halinsa shi ne a ba shi wurin da aka tabbata abin yana nan, da wurin da aka tabbata babu. Mafi ƙarfin shaida shi ne naman da aka goge wa ƙwayar gadon: in layin ya ɓace, nasa ne. A PPAR-gama wannan ba sauƙi, don tun 1999 aka nuna cewa ɗan ɓeran da aka cire masa ita gaba ɗaya yana mutuwa a ciki wajen kwana na 10, saboda mabiyiya ba ta ƙulluwa daidai. Sai dai a cire ta a sashe ɗaya na jiki, ko a danne ta a ƙwayoyin da ake reno a faranti. Abin da yawancinmu ke jingina da shi shi ne ƙwayoyin 3T3-L1, waɗanda Howard Green da Olaniyi Kehinde suka ware daga ƙaramin ɓera a 1974. Ki lura da suna na biyun, duk sa'adda na ambace shi a aji sai ɗalibai su ɗago kai. Ƙwayoyin nan kafin a taɓa su siraru ne, PPAR-gama ɗinsu kaɗan. In aka zuba musu insulin da deksametason da IBMX, cikin mako guda sai su kumbura su cika da ɗigon mai, tagwayen layukan nan kuma su fito ɓaro-ɓaro. Samfurin kafin da na bayan, gefe da gefe a jel ɗaya, ya fi dogon bayani. In babu wurin renon ƙwayoyi a inda kike, ana sayar da ruwansu a haɗe, ko ki roƙa a wani ɗakin. In duk bai samu ba, ɓeranki ma ya isa: ki ɗebi kitsen da ke manne da marainansa a matsayin wurin da akwai, da tsokar cinya a matsayin wurin da kusan babu. Antibodin kirki zai yi duhu a kitse ya yi shiru a tsoka. Wanda ya ba ki layi iri ɗaya a duka biyun, ki sallame shi.

Wasu za su ce ki sayi guntun furotin da aka yi antibodin da shi ki jiƙa su tare, in layin ya ɓace an tabbatar. Ba na ba wannan gwaji muhimmanci sosai. Abin da yake nunawa kawai shi ne bakin antibodin ne ya kama, bai nuna wa ya kama ba. In kin toshe bakin, kamun daidai da na kuskure duk za su ɓace tare.

Yanzu kitsen da ya ba ki jirwaye. Kitse furotin ɗinsa kaɗan ne, mai ne ya fi yawa, man nan kuma yana ɓata awon furotin yana kuma hana jel tafiya daidai. Bayan kin niƙa shi a bafa mai sanyi, wato ruwan sinadarin da ake tatsar furotin da shi, kin juya shi a injin santirifuj a digiri 4, ki ɗaga tiyub ɗin ki duba da kyau. Za ki ga hawa uku: farin ɓawo a sama ya daskare kamar man shanu a bakin ƙwarya, ruwa garau a tsakiya, da ɗan dunƙule a gindi. Na tsakiyan kike so. Kada ki tsoma bakin fifet ta cikin ɓawon ki zuƙo a gaggauce, zai shafo mai ya biyo ki. Ki sa siririyar allura ta gefe ki zuƙo ruwan a hankali, ki juye a sabon tiyub, ki sake juyawa, ki sake zuƙowa, har sai farin ya daina tasowa. Sau biyu ko uku yakan isa. Duk wannan a kan ƙanƙara, da maganin hana furotin narkewa. In PMSF ne, a lokacin za ki zuba shi, don ba ya daɗewa a ruwa.

Wane bafa kika yi amfani da shi? Wannan tambaya ce babba. In mai laushi ne, wanda ke fasa fatar ƙwayar halitta ya bar cibiya a dunƙule, to cibiyoyin suna cikin dunƙulen nan na gindi da kike zubarwa a kwandon shara, tare da PPAR-gama ɗin da kike nema. Ko dai ki yi aiki da bafa mai ƙarfi irin RIPA ki kuma farfasa samfurin da injin sauti ko ki yi ta jansa ta cikin allura har yauƙin DNA ya tsinke, ko kuma, wanda na fi so, ki ware cibiyoyin su kaɗai: ki kumbura ƙwayoyin a bafa marar gishiri, ki fasa, ki tattara cibiyoyi, ki tatso furotin ɗinsu da gishiri mai ƙarfi wajen mola 0.4. Wannan jifa ɗaya ce mai kashe tsuntsu biyu, domin yana tattara abin da kike nema, yana kuma barin yawancin IgG na jini a baya. A zagaye na gaba na ɓeraye kuma, kafin a cire hanta a wanke ta da ruwan gishiri mai sanyi ta jijiya har ta koɗe ta bar ja. Wajen daidaita lodi, in kin ware cibiya ki ɗauki furotin ɗin cibiya irin lamin B1 ko histon H3, dukansu suna nesa da kasuwar nan. Aktin ba abin dogaro ba ne a kitse, tun 1982 aka nuna shi da tubulin suna raguwa yayin da ƙwaya ke zama ta kitse. Rina mambiren da Ponceau a auna furotin gaba ɗaya ya fi aminci, ga araha.

Sai batun saye. Mai yiwuwa antibodinki na farko lafiyarsa ƙalau, na biyun ne ke jawo miki magana. In haka ne, abin da za ki nema shi ne na biyu wanda aka tace shi da furotin ɗin jinin babban ɓera, za ki ga an rubuta hakan a takardarsa, kuma ya fi sabon na farko sauƙin kuɗi. In kuwa dole sai kin sauya, ki nemi wanda aka yi a jikin zomo, monokulonal, wato mai kama gurbi ɗaya tak a jikin furotin, domin antibodin da ke kama IgG na zomo bai cika damuwa da na ɓera ba, kuma monokulonal halinsa ba ya sauyawa daga wannan rukunin kaya na kamfani zuwa wancan kamar folikulonal, wanda gaurayen antibodi iri-iri ne. Sunaye biyu da za ki yi ta cin karo da su a takardun bincike su ne E-8 na Santa Cruz, wanda na ƙaramin ɓera ne kuma wutsiyar furotin ɗin yake kamawa, da 81B8 na Cell Signaling, wanda na zomo ne. Ba ni da hannun jari a ko ɗaya. Kowanne za ki ɗauka, ki karanta takardarsa da idon basira. An gwada shi a babban ɓera, ko hasashe aka yi daga kamannin furotin? Hoton da suka nuna na nama ne na gaske, ko na ƙwayoyin da aka ɗura wa furotin ɗin har ya yi ambaliya? A ina yake kamawa? Mai kama wutsiya yana ganin gama-1 da gama-2 duka, mai kama ƙarin goshin nan gama-2 kaɗai yake gani, mai kama tsakiya inda ake riƙe DNA kuwa ki yi nesa da shi, nan ne dangin suka fi kama da juna. In akwai ƙaramar kwalbar gwaji, ita za ki fara saya. Ki rubuta lambar kaya da lambar rukuni a littafinki ranar da ya iso.

Ajiya ma ki bi takarda, don ba duka ake daskarewa ba. Wasu firji suke so, wasu firiza. Wanda ake daskarewa ki rarraba shi a ƙananan tiyub tun ranar farko, ki cusa su can ciki tsakanin ledojin ƙanƙara, saboda in aka ɗauke wuta kada ya narke ya sake daskarewa, abin da ke kashe shi ke nan. In kina sa sodiyam azayid, maganin hana lalacewa, don ki sake amfani da na farko, kada ya kusanci na biyu mai HRP, sinadarin da ke ba da hasken, don azayid yana kashe shi.

To a ce duk kin yi wannan, layin ya tabbata na PPAR-gama ne, kuma ya ƙaru a hantar waɗanda suka sha zogale. Har yanzu ban yarda ki rubuta shi a matsayin albishir ba. A ɓerayen da suka yi ƙiba, PPAR-gama yana ƙaruwa ne a hantar da kitse ya kwanta mata, kuma da aka cire shi daga hantar irin waɗannan ɓeraye sai kitsen ya ragu. Ƙaruwarsa a hanta na iya nufin hantar tana ƙara tara mai. Sannan yawan furotin daban, aikinsa daban. A 1995 aka gano cewa magungunan ciwon suga na dangin tayazolidindayon, irin su rosiglitazon da piyoglitazon, aljihun PPAR-gama suke shiga su kunna shi. A 2000 kuma ɗakin Spiegelman ya nuna cewa kunnawar ita kanta tana sa ƙwayar halitta ta yi saurin rushe furotin ɗin. Wato in kina da rukunin da kika ba piyoglitazon don kwatance, kada ki yi mamaki in layinsu a kitse ya fi na kowa siranta alhali makarɓin yana tsakar aiki. In tambayarki ita ce ko zogale yana kunna shi, yaransa, wato ƙwayoyin gadon da yake kunnawa, za ki duba: FABP4, CD36, LPL da adiponektin a kitse ta hanyar PCR mai awo, ko adiponektin a jini da ELISA. In kuwa kitsen hanta ne damuwarki, alfa da yaransa irin su CPT1a da ACOX1 sun fi kusa da maganar, tare da awon tiraigiliseraid na hantar da rinin Oil Red O. Ki kai wa malamin da ke duba aikinki wannan batu tun yanzu, kafin a rubuta babi na huɗu a kan tambayar da bulot ba zai iya amsawa ba.

In kin yi gwajin raba mambiren ɗin, ki turo mini hoton rabin biyu gaba ɗayansu, daga sama har ƙasa, da makar nauyi a gefe, kada ki datse ko'ina. Ki haɗo da sunan bafan da kika niƙa naman da shi. Wajen 25 zan fara dubawa.